JIBO BAKARI: MAGAJIN GARIN YAMAI DA ƊAN UWANSA YA KORA DAGA ƘASA

Rubutun na yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi har ƙarshe.

A watan Oktoban 2024 hukumomin mulkin soja na Nijar sun cire sunan Janar De Gaulle daga wani babban titi a Yamai, suka maye gurbinsa da sunan Jibo Bakari, wanda a rubutun Faransanci ake rubutawa Djibo Bakary. Da yawa daga cikinmu sun yi ta yaɗa hotunan ana murna an kunyata Faransa. Amma in ka tambayi mutum goma a Anka ko Gummi ko Bukkuyum wane ne wannan Jibo, da wuya ka sami biyu da za su faɗa maka. Alhali labarinsa ya shafe mu kai tsaye, musamman yanzu da ake ta muhawara kan 'yancin ƙananan hukumomi. Shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, ɗan siyasa mai ra'ayin gurguzu, kuma wanda ya kore shi daga ƙasa ɗan uwansa ne na jini.

An haifi Jibo a 1922 a Sudure, wani ƙauye a bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Bazabarme ne, ɗan mai gari. A wannan ƙauyen ne aka haifi Diori Hamani a 1916, shekara shida kafin shi, kuma dangi ɗaya suke. Ku riƙe wannan suna, don shi ne daga baya ya zama shugaban Nijar na farko.

Jibo bai tashi a gaban mahaifinsa ba. Tun yana yaro kawunsa ya ɗauke shi riƙo zuwa Tawa, can aka sa shi makarantar boko. Sunan Bakari ma na kawun ne, kamar yadda har gobe a nan wajenmu yaron riƙo yake shiga rajistar makaranta da sunan mai riƙonsa. Wannan riƙo ya yi tasiri a rayuwarsa fiye da yadda ake zato. Ya tashi a ƙasar Adar cikin Hausawa, ya iya Hausa kamar jakin Kano, ya san yadda bakin kasuwa yake magana. Da ya shiga siyasa, sai ga Bazabarme ɗan yamma wanda zai tsaya a Maraɗi ko Damagaram ya yi wa talakawa magana ba tafinta.

Shi da Diori duk sun yi makarantar William Ponty ta Senigal, wadda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma. Kusan matsayinta ɗaya da Kwalejin Katsina a wajenmu. Jibo ya dawo malamin makaranta, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Birnin Ƙonni kuwa kun san ta, daga Illela tsallake ɗaya ne.

To a nan sai mun ɗan fahimci yadda mulkin Faransa yake, don ya sha bamban da na Ingila da kakanninmu suka sani. Turawan Ingila sun bar sarakuna da En'e suna mulki, su suna daga baya. Gummi da Anka da Bukkuyum duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Su Faransawa kuwa nasu salon shi ne su ce ku ma Faransawa ne. A 1946 majalisar Faransa ta yi doka ta hana aikin tilas, ta kuma yi wata dokar da ta ba mutanen ƙasashen da ta mallaka matsayin 'yan ƙasa, a takarda dai. A wannan zamanin ana zaɓen 'yan Afirka suna zuwa Paris su zauna a majalisa. Diori na cikin waɗanda aka zaɓa a wannan shekarar. Ke nan a idon doka, siyasar da su Jibo suka yi kafin 1960 siyasa ce a cikin daular Faransa, da jam'iyyun da ke da uwaye a Paris.

A 1946 ɗin aka kafa jam'iyyar PPN a Nijar, ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako, mai alamar giwa. Jibo da Diori duk suna ciki, Jibo ma ya riƙe sakataren jam'iyya. A lokacin RDA tana ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, abin da ya sa gwamnonin Turawa suka sa mata ƙahon zuƙa, ana kora ana ɗaurewa. Da wuya ta yi wuya, a 1950 jagoran RDA, Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa, ya yanke wannan ƙawance ya nemi sulhu da gwamnati. Diori ya bi shi. Jibo ya ce shi bai ga ta bi ba. Nan ne hanyar 'yan uwan biyu ta rabu, kuma ba ta sake haɗuwa ba.

Abin da Jibo ya yi bayan ya bar PPN shi ne abin da nake so matasanmu masu sha'awar siyasa su duba da kyau. Ba shi da kujera, ba shi da albashin gwamnati, ba shi da ubangida. Sai ya koma ƙasa, ya shiga harkar ƙungiyoyin ƙwadago. Ya haɗa leburori da direbobi da yaran mota da ma'aikatan gidan waya da teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan dillalan gyaɗa. Waɗannan mutane ba su da ilmin boko mai zurfi, amma suna da abin da 'yan boko ba su da shi, wato yawo. Direban da ya kwana Yamai gobe yana Dosso, jibi yana Maraɗi. Ɗan koli yana cin kasuwa bakwai a mako. Duk inda suka sauka maganar jam'iyya ta sauka. A 1954 Jibo ya kafa jam'iyyarsa mai suna UDN, kuma cikin manyan na hannun damansa akwai Usman Ɗan Galadima, mutumin Madawa.

Sunan da jama'a suka laƙaba wa tafiyar shi ne Sawaba, alamarta kuma raƙumi. Wannan kalma ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Ita ce kalmar da 'yan NEPU suka ɗauka tun 1950 a Kano, ita ce ta zama sunan Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Ma'anar ɗaya ce a ɓangarorin iyaka biyu: talaka ya sami sauƙi, ya huta da haraji mai nauyi da zaluncin masu riƙe da shi. Tauraron NEPU da raƙumin Sawaba sun san juna, kuma wannan sanayya ta yi rana daga baya.

Yanzu ga maganar magajin gari. A tsarin Faransa kujerar magajin gari ba ƙaramar aba ba ce. Manyan 'yan siyasarsu daga nan suke gina kansu, kuma ko sun kai ƙololuwa ba su cika sakinta ba. Guy Mollet, jagoran 'yan gurguzun Faransa wanda ya yi firaminista daga 1956 zuwa 1957, magajin garin Arras ne tun 1945 har ya mutu a 1975. Gaston Defferre ya riƙe Marseille sama da shekara 30. Shi kansa Mitterrand, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1981, ya yi shekara 22 yana magajin wani ɗan ƙaramin gari mai suna Château-Chinon, wanda yawan mutanensa bai kama ƙafar Gummi ba. Hikimarsu ita ce, wanda mutanen garinsa suka gan shi a kasuwa, suka san gidansa, suka gwada shi a kan ruwan sha da shara da fili, shi ne ya cancanci a ba shi abin da ya fi haka.

A watan Nuwamban 1956 aka yi zaɓen majalisun birane a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. A wannan zamanin ne Sekou Toure yake magajin garin Konakiri, Modibo Keita ya hau na Bamako, Houphouet-Boigny na Abijan. A Yamai kuwa Jibo Bakari ne ya hau. Kada ku ɗauki Yamai ta yau. Sai a 1926 aka mayar da babban birni can daga Damagaram, kuma a 1956 mutanen garin ba su kai dubu 40 ba. Ƙaramin gari ne wanda kowa ya san kowa. Amma a karo na farko, kasuwa da tsabtar gari da ɗaukar ma'aikatan gari sun koma hannun mutumin da 'yan garin suka jefa wa ƙuri'a, maimakon Bature kwamanda. Leburan da jiya ake kora daga bakin ofis, yau shugaban ƙungiyarsa ne zaune a ciki.

Sai dai kujerar ba ta zo kyauta ba. Ƙuri'un UDN kaɗai ba su isa ba, don haka Jibo ya haɗa kai da wata jam'iyya mai suna BNA, wadda ƙarfinta na hannun sarakuna da 'ya'yansu, irin su Isufu Saidu Jarmakoy na gidan sarautar Dosso. Haɗakar ta zama reshen Nijar na jam'iyyar MSA, wato tafiyar 'yan gurguzun Afirka, wadda ke da alaƙa da jam'iyyar su Guy Mollet ta Faransa. Ku duba wannan aure: jam'iyyar talakawa masu kukan zaluncin sarakuna, ta auri jam'iyyar sarakunan, waliyyin kuma yana Paris.

Da farko auren ya yi albarka. Dokar da Gaston Defferre ya kawo a 1956 ta ba kowace ƙasa damar kafa 'yar ƙwarya-ƙwaryar gwamnati ta cikin gida. A zaɓen watan Maris na 1957 su Jibo suka ci kujera 41 cikin 60, PPN ta Diori ta tashi da 19. Jibo ya zama jagoran gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a tarihin Nijar yana da shekara 35, ga shi kuma magajin gari. Ƙane ya sha gaban wa.

Amma zama bai yi daɗi ba. Magoya baya na ƙasa suna jiran sawabar da aka yi musu alkawari, sarakuna kuma suna jiran a bar su yadda suke. Gwamnatin Jibo ta taɓa rawunan wasu sarakuna da hakimai, sauran suka sha jinin jikinsu. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi. Suka yi shiru suna jiran rana.

Ranar ta zo a 1958. Yaƙin Aljeriya ya rikita Faransa, aka dawo da Janar De Gaulle kan mulki, ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce a yi ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba. Duk ƙasar da ta ce "I" za ta zauna cikin tarayya da Faransa, da ɗan 'yancin cikin gida. Wadda ta ce "A'a" ta sami 'yanci nan take, amma Faransa za ta kwashe komai nata ta tafi. A cikin shugabannin gwamnatocin Afirka ta Yamma, biyu ne suka fito suka ce a jefa "A'a": Sekou Toure a Gini da Jibo Bakari a Nijar.

Faransa ta iya haƙura da Gini, amma Nijar wani abu ce daban. Tana da doguwar iyaka da Aljeriya inda ake gwabza yaƙi. A 1957 an gano yuraniyom a Azelik, a yankin Agadas. Ga kuma fargabar cewa Nijar mai 'yanci za ta karkata zuwa Nijeriya, inda rabin danginta suke. Saboda haka, saura 'yan makonni a yi ƙuri'a, aka turo sabon gwamna mai suna Don Jean Colombani da aiki guda ɗaya. Aka ƙaro sojoji, aka zaga da su ƙauyuka don a gani, aka sa ma'aikatan mulki kamfe, aka kira sarakuna aka nuna musu inda iska ta dosa. Abokan auren nan na BNA suka yi ta zamewa suna komawa ɓangaren "I". Su kuma 'yan gurguzun Paris da ake taƙama da su fa? Guy Mollet yana cikin gwamnatin De Gaulle a matsayin minista, yana cikin masu tallar sabon tsarin mulkin. Jibo ya waiwaya, ba sarakuna ba waliyyi, sai direbobinsa da 'yan kolinsa.

Da aka ƙirga, "I" ta sami kusan kashi 78 cikin 100, "A'a" kusan 22, kuma waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. A Gini kuwa "A'a" ta yi rinjaye da sama da kashi 90, suka sami 'yanci ranar 2 ga Oktoba. Bambancin a fili yake. Sekou Toure ya riga ya soke sarautar gargajiya a Gini tun 1957, jam'iyyarsa ta kai har ƙauyen ƙarshe. Shi kuwa Jibo ƙarfinsa na cikin garuruwa da bakin hanyar mota. Ƙuri'ar karkara aro ya yi daga sarakuna, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Cikin watan Oktoba gwamnatinsa ta faɗi. Aka rusa majalisa, aka sake zaɓe a Disamba, ƙawancen Diori ya kwashe kujeru, Diori ya zama shugaban gwamnati. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba gaba ɗaya. Kujerar magajin garin ma ta tafi. Ranar 3 ga Agustan 1960 da Nijar ta sami 'yancin kai, mutumin da ya fara neman 'yancin yana gudun hijira, ɗan uwansa da ya ce a dakata shi ne ya karɓi tuta. Daga nan har shekara 14 jam'iyya ɗaya ce a ƙasar.

Jibo ya zauna Bamako, ya koma Akara wajen Kwame Nkrumah. Magoya bayansa da suka rage a gida suka sha kamu da kora daga aiki. Da yawa suka tsallako Nijeriya, kuma a Kano 'yan NEPU ne suka ba su masauki, su da kansu suna fama da kotunan alƙalai da 'yan doka.

Wannan shi ne ɓangaren da masu yabo ba su cika faɗa ba, amma dole a faɗe shi. Da aka toshe hanyar ƙuri'a, Sawaba ta ɗauki bindiga. An tura matasa horo a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa da Gana. A ƙarshen damina ta 1964 suka shigo Nijar ƙungiya-ƙungiya ta iyakoki daban-daban, har da iyakar Nijeriya, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Ba haka ta faru ba. Gwamnati ta riga ta sami labari, aka tayar da ƙauyuka aka yi farautarsu. Aka kashe wasu a daji, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso da waɗanda ake zargi, wasu ba su fito da rai ba. A Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idin babbar salla a Yamai da nufin kashe Diori. Diori ya tsira, wani ƙaramin yaro ne ya mutu. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. 'Ya'yan gida ɗaya a Sudure, rigimarsu ta kai ga jini a filin idi, kuma wanda ya biya ɗan wani ne da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, sansanin Gana ya watse, Jibo ya koma Konakiri. Sawaba a matsayin runduna ta ƙare daga nan.

Shi ma Diori duniya ba ta bar shi ba. Fari da yunwar farkon shekarun 1970, wadda dattawanmu a nan ma ba su manta da ita ba, ta girgiza gwamnatinsa. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountche ya yi juyin mulki. A wannan daren aka kashe matar Diori, Hajiya A'isa, shi kuma aka tsare shi. Jibo ya dawo gida bayan kusan shekara 15, da sharaɗin ba ruwansa da siyasa. A 1975 aka zarge shi da hannu a wani yunƙurin juyin mulki, aka kama shi. To ga ikon Allah: wa da ƙane, wanda ya kora da wanda aka kora, duk suna tsare a hannun soja guda a lokaci guda. Sai a shekarun 1980 suka shaƙi iskar 'yanci. Diori ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko a 1989.

Jibo ya ga dawowar siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991. Ya sake ɗaga tutar Sawaba, amma jam'iyyar ta dare, tsofaffin direbobi da 'yan kolin nan sun tsufa ko sun mutu, matasa kuma ba su san shi ba, don an yi shekara 30 ba a ambaton sunansa a makaranta ko rediyo. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai sami ko kashi 2 cikin 100 ba. Mahamman Usman ne ya ci. Ranar 16 ga Afrilun 1998 Allah Ya yi masa rasuwa a Yamai, garin da ya fara riƙewa shekara 42 kafin nan.

To, mu dawo kan titin nan da aka sa wa sunansa. Ya cancanta, ba ko tantama. Amma akwai abin da ya kamata a lura da shi. Wata shida kafin bikin sauya sunan, a Afrilun 2024, gwamnatin Janar Tchiani ta rusa duk zaɓaɓɓun majalisun garuruwa da na jihohi a Nijar, ta naɗa masu riƙo, da yawansu masu kaki. Ke nan an karrama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a lokacin da Yamai ba ta da zaɓaɓɓen magajin gari. Kowa na da ra'ayinsa kan abin da ke faruwa a Nijar, kuma ba shi ne maganata ta yau ba. Abin da nake cewa shi ne, sa suna a allo abu ne mai sauƙi. Abin da ya ɗaga Jibo tun farko shi ne talakan gari ya sami damar zaɓen wanda zai riƙe masa garinsa.

Kafin mu nuna maƙwabta da yatsa, mu dubi namu gidan. Tun gyaran 1976 aka rusa tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya. Yau muna da 774, Zamfara na da 14. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Amma duk mun san yadda abin yake a jihohi da yawa, ko wace jam'iyya ce ke mulki: kantomomin riƙo shekara da shekaru, kuɗi a asusun haɗin gwiwa, in an yi zaɓe kuma jam'iyyar gwamna ta cinye duka ba ko ɓurɓushi. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa doka. Hukunci ya fito, amma aiki da shi wani zance ne daban.

Wani zai ce ina ruwan talaka da wannan, ai ciyaman ciyaman ne. Ku tuna 2010. Gubar dalma daga niƙan dutsen zinari a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Yara suna ta mutuwa a jere kafin labari ya isa inda za a ɗauki mataki, kuma likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankarar da duniya. Ku tuna ambaliyar Gummi ta 2024. Ku dubi ƙauyukanmu da aka tasa, da gonakin da ba a iya zuwa, da 'yan gudun hijirar da suka cika garuruwa. A duk waɗannan, hukumar da ta fi kusa da mai kuka ita ce ƙaramar hukuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In wanda ke kan kujerar ya san ƙuri'ar mutanen Bagega ko Nasarawar Burkullu ko Gayari ce ta kai shi, zai kwana da su a ransa. In kuwa daga sama aka sauko da shi, to sama zai riƙa kallo.

Labarin Jibo ya kuma nuna mana inda ake yin tuntuɓe. Ya gina tafiyarsa daga ƙasa, da mutanen da ba a ɗauke su komai ba, shi ya sa ya kai inda ya kai. Amma da ya zo gab da kujera sai ya cike giɓin da ƙuri'ar aro, ranar da masu ita suka karɓe abinsu sai ginin ya rushe cikin wata ɗaya. Matashin da ke son takarar kansila ko ciyaman a yau, wanda duk jarinsa hoton da ya ɗauka da wani babba ne, ya karanta wannan sau biyu. Sannan bindigar 1964 ba ta dawo da abin da aka ƙwace a 1958 ba, sai ƙarin marayu. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da bindiga ke haifarwa ba.

Sai maganar zumunci, wadda ita ta fi taɓa ni. Saɓanin Jibo da Diori na gaske ne, a kan makomar ƙasa, ba a kan buhun shinkafa ba. Duk da haka, da wanda ya ci ya bar wa wanda ya faɗi wurin tsayawa ya yi adawa a gida, da an tsira da rayuka masu yawa, kuma wataƙila shi kansa Diori da bai ƙare yadda ya ƙare ba. Mu kuma a nan, wa da ƙane suna daina gaisawa, ana ƙin zuwa suna da jana'iza, saboda 'yan takarar da gobe za ka gan su a jam'iyya ɗaya suna dariya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Masu dangi a Ƙonni da Madawa da Maraɗi, ku tambayi tsofaffinku labarin raƙumi da giwa tun suna raye, ku rubuto mana abin da suka faɗa a ƙasan wannan rubutu. Haka ma wanda kakansa ya yi NEPU a ƙasar Gummi ko Anka ko Bukkuyum, muna son jin yadda aka yi, don wannan tarihin yana binnuwa da masu shi.

Allah Ya jiƙan Jibo Bakari da Diori Hamani da duk waɗanda suka rasa rayukansu a tsakaninsu. Allah Ya ba Nijar da Nijeriya zaman lafiya, Ya kawo mana sawaba a Zamfara. Amin.